Daminar da Baffa Alu Ya Ƙi Shuka

Ruwan farko na bana ya sauka a Tambuwal da la'asar, bayan iska ta yini tana bugun ƙofofi, kuma ya sauko ja, kamar yadda ruwan farko yakan yi idan ya biyo bayan guguwa. Na rubuta ranar a littafina, domin aikin da na yi wa ma'aikatar gona ke nan har na yi ritaya, hannuna kuma bai daina ba. Kafin magariba jikata ta kawo mini wayarta, wai ana yaɗa saƙo cewa kada kowa ya taɓa ruwan, akwai guba a cikinsa. Na tambaye ta wanda ya auna. Ta ce ba a faɗa ba. Daga nan zama ya gagare ni. Na fita ƙofar gida, na dawo, na sake fita, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa yana mayar da ni wata damina da ban taɓa samun natsuwa a kanta ba.

A shekarar da ƙasar nan ta sami mulkin kai ina ajin sama a makarantar da har lokacin muke kira midil, a birnin Sakkwato, ko da yake a takarda an riga an sauya mata suna. Tun kafin bazara labari ya zo ta rediyo cewa wasu Turawa sun fasa wani irin bom a cikin hamada, arewa da mu, don su gwada ƙarfinsa. Ba a ƙasarsu suka fasa ba, ba su kuma nemi izinin waɗanda iska ke bi ta kansu ba. Aka ce tokarsa tana tafiya a sama, tana iya saukowa tare da ruwa. Daga wannan babu wanda ya ƙara mana bayani.

Malaminmu na kimiyya, Malam Sidi, siririn mutum ne mai ƙin hayaniya. Da muka dame shi da tambaya, sai ya ajiye darasin tsirrai. Ya riƙa shigar da mu kashi-kashi cikin ɗakin ajiya, ya rufe ƙofa da rana tsaka, ya nuna mana agogon hannunsa. Lambobin suna haske kore a cikin duhu.

"Babu fitila a ciki," in ji shi. "Abin da aka shafa wa lambobin ne. Ƙwayoyinsa, waɗanda ido ba ya gani, suna farfashewa da kansu. Duk wadda ta fashe sai ta fitar da wani ƙarfi, ita kuma ta zama wani abu dabam. Kaɗan ne a nan. Idan ya yi yawa, ya shiga jiki, yana cutarwa. Tokar bom ɗin nan danginsa ce."

Da muka koma aji ya ɗauko faifai da ɓarin gyaɗa cike da tafin hannu. Ya watsa su, ya ce a tsince duk wanda ya faɗi rigingine. Waɗannan sun fashe ke nan. Aka tsince kusan rabi. Ya tattara ragowar ya sake watsawa, aka sake tsince kusan rabinsu. Haka ya yi ta yi har suka koma 'yan ƙalilan. Ya ce babu mai sanin ƙwayar da za ta fashe, amma an san lokacin da rabin tarin zai tafi, sannan rabin ragowar, sannan rabin wannan ragowar. Kowane iri da nasa lokacin: wani kafin ka gama alwala, wani kwanaki, wani kuma sai mutum ya tsufa ya mutu bai rabe ba.

Wani a cikinmu ya tambaya ko wuta tana ƙone shi. Malam ya ce a'a. Wani ya ce sabulu fa?

"Ba ya jin wuta, ba ya jin wanki, ba ya jin magiya. Lokacinsa kaɗai yake ji. Kai kuma Ummaru, mayar da gyaɗar nan, ba ita ce abincin ranarka ba."

Ni ne Ummarun. Na mayar, na kuma tambaye shi wane iri ne ya zubo mana. Ya ce bai sani ba, ba shi da abin awo, bai ma san ko wani abu ya iso mu ba. Na girmama shi a kan wannan amsa fiye da duk abin da ya koya mana.

Da aka ba da hutu na hau babbar mota zuwa Tambuwal, daga nan na bi fatake a ƙasa zuwa garinmu Kebbe, muka kwana a hanya. Yau ɗan acaba yana kai mutum ya dawo da shi kafin azahar, yana ma ƙorafin ramuka. A lokacin rairayi ne mai ƙona tafin ƙafa, ruwan salka kuma ya ɗumame har ba ya kashe ƙishi.

Mahaifina ya rasu tun ina ƙarami. Gidanmu yana hannun yayansa, Baffa Alu, shi ne mai gandu, wato babbar gonar da dukan gida ke nomawa tare, ake kuma ci daga rumbunta. Mutum ne mai gaskiya wanda bai taɓa cin hakkin maraya ba, kuma idan ya faɗi magana ba ya janye ta. Daminar da ta gabata ruwa ya ɗauke da wuri, saboda haka na tarar rumbu ya yi ƙasa. Kullum bayan asuba Baffa da kansa yake hawa ya fito da abin da za a ci, ya miƙa wa mata ba tare da ya dubi fuskar kowa ba. Mata su tafi rijiya, wadda guga ke dawowa daga cikinta da rabin laka. Su dawo su yi sussuka, su yi daka, ba a zubar da ko dusa. Da hantsi a dama fura tsararo, ƙwarya ɗaya ta zaga. Maza muna gona muna shara, muna ƙona kara, muna kai taki a kan jakuna, rana tana dukan ƙeya har mutum ya ji kunnuwansa suna ƙara. Da azahar babu komai sai inuwa. Da dare tuwo da miyar kuka, malmalar tana ƙanƙancewa daga mako zuwa mako. Damman iri kuwa suna rataye a can saman rumbu, kowa ya san inda suke, babu mai ɗaga kai ya dube su.

Ruwan ya zo wata ranar Talata da yamma. Gabas ta yi baƙi, iska ta kwashe zanan makwabta ta jefa a gidanmu, sannan aka kece da ruwa ja, mai yawa, wanda ya cika kwatami ya jiƙa ƙasa har zurfin kamu. Duk ƙwaryar da aka tara sai da jan laka ya kwanta a gindinta. Yaya Garba, babban ɗan Baffa, ya fito da sungumin shuka yana gyara masa ƙota tun ruwan bai tsaya ba.

Da safe muna shirin fita sai ga Na-Allah, makwabcinmu mai fataucin jakuna, wanda bai daɗe da dawowa daga kasuwannin arewa ba. Ya zauna a zaure da Baffa, ya ce a can an ce jan ruwan bana tokar bom ce, wai duk abin da ya tsiro a kansa mai ci ba zai ga baɗi ba. Ban zarge shi da ƙarya ba. Abin da ya ji ya faɗa. Waɗanda nake zargi su ne waɗanda suka sani, ko suke da halin sani, suka bar magidanta suna yanke hukuncin rai da mutuwa da labarin kasuwa. Babu ma'aikaci ɗaya da ya tako Kebbe ya ce a shuka ko kada a shuka.

Baffa ya kira mu ya ce a mayar da sunguma. Hujjarsa a tsare take. Idan ɓera ya mutu a rijiya, ba a sha sai an yashe ta. Ƙasa ta sha najasa, saboda haka sai wani ruwa mai ƙarfi ya zo ya wanke ta, sannan a zuba mata iri. Iri kuwa ɗaya gare mu. Idan ya tafi, babu wani.

"Baffa, danshin ga ba shi kai Juma'a," in ji Garba.

"Na san danshi tun ba a haife ka ba."

Na durƙusa na nemi izinin magana. Na ce an koya mana wannan abu a makaranta, kuma zan iya nuna shi a gani da ido. Baffa ya ce in nuna. Na shiga wurin mahaifiyata, Inna, na roƙi gyaɗa.

"Gyaɗar iri za ka ɓare mani? Wadda anka ɓare tana tsira? Nemi wani abu."

Na duba ɗakin, idona ya faɗa kan wata tsohuwar ƙwarya da ke cike da wuri, kuɗin mutanen da, na kakarmu, irin wanda aka goge wa baya don a shirya shi a zare. Yana faɗuwa ta ciki ko ta baya, daidai abin da nake bukata. Na kwasa, na ɗauki faifai, na koma zaure. Na tsuguna a gaban Baffa, na girgiza wurin a tafin hannu, na watsa.

Zauren ya yi tsit. Na ɗauka sauraro ne. Na tsince waɗanda suka faɗi rigingine, ina bayanin cewa rabi ya tafi, na tattara ragowar na sake girgizawa.

"Ummaru," in ji Baffa a hankali, "mi kaka yi?"

"Ina nuna yadda gubar take raguwa, Baffa."

Na-Allah ya karkata kai yana duban faifan. "Alu, ni dai inda nis san ana wanga zubi, bayan mahauta na, ran kasuwar Tambuwal. Can wani yab bar jakinai da wandonai."

"Ɗan midil, nawa ka aza?" in ji Garba, yana danne dariya.

Baffa bai yi dariya ba. A duk ƙasarmu mutum biyu ne ke watsa wuri: ɗan caca da mai duba. Na shafe shekaru a makarantar kwana, inda wuri ba kome ba ne sai abin da ake nuna mana a darasin tarihi.

"Wuri za ya gaya mani in shuka ko in bari? Cikin zauren ubana? Abin da munka kai ka birni ka koyo ke nan?"

"Ba duba ba ne, Baffa. Misali ne. Malaminmu da gyaɗa ya yi."

"To shi ya san kunya. Kwashe. Kuma ka ji: ko da ina da niyyar shuka yau, na fasa. Ba a cewa Alu ya zuba iri bisa faɗar wuri."

Har yau ban yarda cewa na yi abin kunya ba. Misalin daidai yake, lissafin daidai yake, kuma an yanke mini hukunci kafin in kai ƙarshen magana. Na fita bayan gida ina zagaye rumbu, raina yana tafasa, ina kallon rana tana shanye danshin da muka yi wata da watanni muna jira.

Inna ta ji komai ta bayan zana. Ta kira ni, ta karɓi ƙwaryar ta mayar inda take, sannan ta ce in faɗa mata ƙarshen maganar, ba da watsa wuri ba, da baki. Na ce iri-iri ne, wani mai saurin rabewa, wani mai jinkiri.

"Mai saurin, tun da anka fasa abin, ya ƙare?"

"Mafi yawansa. An yi watanni."

"Mai jinkirin, shina ƙarewa kafin wani ruwa?"

"Ko jikokina ba lalle su ga ƙarshensa ba. Ruwa kuma ba ya kashe shi."

"To mi muka jira?"

Inna tana da gayauna, ɗan filin da al'ada ta ba ta ita da marayunta, a gefen fadama, da ɗan irinta a tulu. Aikin gandu na safe ne. Yamma ta mai gayauna ce, mai gandu ba ya hanawa. Duk da haka ta yafa zane ta je ta durƙusa a ƙofar Baffa.

"Yaya, za ni shuka gayaunar marayu."

Baffa ya ce, "Ban sa ki ba, ban hana ki ba. Amma abin da yaf fito cikinta ba shi shiga bakin ɗiyan gidan ga."

Da la'asar muka fita. Muna isa sai ga Garba da sungumi a kafaɗa, wai hannunsa ne ke ƙaiƙayi. Yana gaba yana sara, ni da Inna muna biye muna jefa iri muna rufewa da diddige. Ƙasar tana da sanyi a ƙarƙashin ƙafa, tana manne wa yatsu. Gonaki kaɗan ne muka hango mutane a ciki. Galibin gari ya bi ra'ayin jira. Garba bai bar ni na huta ba: duk ramin da na tsallake sai ya ce ko wuri ne ya ce kada a shuka shi.

Hutu ya ƙare kafin wani ruwa ya zo. Na koma makaranta na kasa karatu. Duk hadarin da ya taso sai in fita in duba ko ya yi kudu. Ranar da aka bar mu fita gari, tasha nake zuwa in tsaya wurin motocin Tambuwal ina tambayar fasinja ko an yi ruwa a Kebbe. Wani ya ce yayyafi, wani ya ce ko ɗigo, wani ya ce shi daga Jabo yake, bai sani ba. A lokacin ana ta koya mana waƙoƙin bikin mulkin kai da yadda za mu yi maci, ni kuwa ina lissafin abin da ya rage a rumbu. Na gaya wa Malam Sidi abin da ya faru. Ya rufe ido ya ce, "Wuri, Ummaru?"

Ruwa mai ƙarfin da Baffa yake jira ya zo a makare ƙwarai. A tsakani sai yayyafi, wanda bai isa shuka ba, amma ya riƙe ran abin da ya riga ya tsiro a gefen fadama. Aka shuka gandu lokacin da ya kamata a ce ana noman farko. Shekaru bayan haka, da na shiga aikin gona, na bincika ko akwai wata takarda da ta faɗi abin da ya sauka a gonakinmu a wannan shekara. Ban samu ba. Watakila kaɗan ne ƙwarai, watakila babu. Ba a ga ya dace a gaya mana ba.

Na dawo hutu na biyu a tsakiyar marka. Ko'ina kore shar, sama a rufe, tufafi ba sa bushewa, gida kuwa babu hatsi. Yunwar marka ta fi ta bazara cin rai, domin mutum yana tsaye a cikin gero ya fi shi tsawo, cikinsa kuma babu kome. An share rumbu har an kankare gindinsa. Ana dafa tafasa da rama, a yayyafa musu ɗan ƙuli idan an samu. Maza suna noma suna hutawa a kan ƙotar hauya. Geron gandu ko kai bai fitar ba. Geron gayauna kuwa, duk da rabinsa ya mutu a lokacin fari, ya fitar da kai ya yi ido, tsuntsaye sun fara sauka.

Autar Baffa, Hajo, ba ta wuce shekara huɗu ba. Na bar ta tana bin awaki da gudu. Na tarar da ita zaune a bakin murhu, gashinta ya yi ja, ƙafafunta sun kumbura, ba ta ko kuka. Maganar Baffa kuma tana nan. Inna ba ta karya ta ba, ba ta kuma iya cin geron ita kaɗai yara suna kallo, saboda haka babu wanda ya taɓa shi.

Kwana biyu da dawowata, da hantsi, Inna ta je gayauna ta karyo zangarniya cike da zane. Ta hura wuta a tsakar gida, ba a ɗakinta ba, ta fara gasa tumu. Ƙamshin ya cika gidan. Yara suka taso suka kewaye ta, suka tsaya nesa kaɗan, domin sun san dokar. Ba ta miƙa wa kowa ba. Ta ci gaba da juya zangarniya a kan garwashi, ƙwayoyin suna fashewa.

Baffa ya shigo daga zaure. Ya rame har rigarsa ta yi masa yawa. Ya tsaya a kanta, ya miƙa hannu, ta ba shi ɗaya. Ya murje a tafinsa, ya hure, ya yi bisimilla ya zuba a baki. Ya cinye zangarniyar duka, ya karɓi ta biyu.

"Kowa shi dakata," in ji shi. "In guba ta, ta fara da ni."

Ya koma zaure ya zauna. Ya yi azahar a nan, bai koma gona ba. Gidan ya kasa zama wuri ɗaya: mata suna leƙe ta zana, Garba yana shiga yana fita kamar mai neman wani abu, ni ina kai da kawowa tsakanin zaure da murhun da Inna ta ƙi bari ya mutu. Da la'asar ya aika a kira ni. Rabonsa da yi mini magana kai tsaye tun ranar da ya kore ni daga gabansa.

"Ummaru, ban ji komi ba. Abin ga naku, yini guda na isa a gane?"

Na san amsar da gidan duka yake so in bayar. Na ce, "A'a, Baffa. Idan akwai shi, yana iya ɗaukar shekaru kafin ya nuna."

"Shekaru."

"I, Baffa."

Ya juya ya dubi tsakar gida ta ƙofar zaure. Hajo tana inda take tun safe, ta jingina kai da turmi, idonta a kan wutar.

"Wagga ba ta da shekaru," in ji shi. "Ko mako ban ce ba." Ya ɗaga murya yadda mata za su ji. "Ku gasa. A fara da ƙanana."